Gasar juniya ta lardin Munster: yadda take, da dalilin da ƙauyukan Kerry suka mamaye ta

Ranar 24 ga Yulin 2022, David Clifford ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar ƙwallon Gelik a Croke Park da ke Dublin, babban birnin Ayilan, filin da ke ɗaukar mutum 82,300. Gundumarsa ta Kerry ta doke Galway, shi kaɗai ya ci maki takwas, daga baya kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara. Ba a cika wata biyar ba sai ga shi a garin Mallow, cikin sanyin Disamba, sanye da jesin ƙauyensu Fossa, yana buga wasan ƙarshe na gasar da ake kira ta juniya ta lardin Munster. Abokan karawarsu 'yan wani ƙauye ne na gundumar Cork mai suna Kilmurry.

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila zai ga abin banbarakwai. Me ya kai ɗan wasan da ya fi kowa a ƙasar cikin gasar juniya? Hukunta shi aka yi? Ko tsufa ya yi? Ko ɗaya. Shekarunsa 23 a lokacin, kuma ba wanda ya tilasta masa. Tsarin wasan ne haka, kuma a cikin wannan tsarin ne daɗin gasar yake, a cikinsa ne kuma matsalarta take.

Wasan kansa

Ƙwallon Gelik wasan mutanen Ayilan ne. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ƙwallon zagayayya ce kamar ta tamaula, filin kuma ya fi na tamaula girma sosai, tsawonsa yakan kai mita 130 zuwa 145. Ana riƙe ƙwallo da hannu a yi gudu da ita, amma taku huɗu kawai, sannan dole mutum ya buga ta a ƙasa ta dawo masa, ko ya sake ta kan ƙafarsa ya ɗago ta da yatsun ƙafa ta koma hannunsa. Ba a jifa da ita. In za ka ba abokinka, ko ka buga da ƙafa ko ka doke ta da dunƙulen hannu.

Ragar tana da dogayen turaku biyu da suka zarce ƙarfen sama. Wanda ya zura ƙwallo cikin raga ya ci maki uku, wanda ya ɗaga ta ta wuce saman ƙarfen tsakanin turakun ya ci maki ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: 1-13 na nufin ƙwallo ɗaya a raga da maki 13, jimilla 16, don haka mai 0-19 ya doke shi ko da bai taɓa raga ba. Daga 2025 an ƙara wata doka, wanda ya ɗaga ƙwallo daga wajen layin da aka zana a mita 40 yana samun maki biyu. Wasan kulob minti 60 ne, talatin-talatin.

Hukumar da ke kula da wasan ita ce GAA, wadda aka kafa ranar 1 ga Nuwamban 1884 a wani otel a garin Thurles, lokacin Ayilan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Manufar su Michael Cusack da Maurice Davin ita ce raya wasannin gargajiyar ƙasar kada na Ingila su shafe su. Har yau hukumar ba ta san da iyakar da ta raba tsibirin biyu ba: gundumomi 32 take ƙirgawa, haɗe da shida na Ayilan ta Arewa da ke cikin Birtaniya. An kasa gundumomin nan cikin larduna huɗu, Leinster da Ulster da Connacht da Munster. Munster ita ce ta kudu maso yamma, gundumominta shida: Kerry, Cork, Clare, Limerick, Tipperary da Waterford.

Abu biyu ne ginshiƙin komai a nan. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi. Clifford da ake ta yabo malamin makaranta ne, sauran kuma akwai manoma, masu gyaran lantarki, ma'aikatan banki, 'yan sanda da ɗalibai. Na biyu, ba a saye ko sayar da ɗan wasa. An raba karkarar Ayilan tun da daɗewa zuwa yankunan majami'un Katolika, kowane yanki da cocinsa da makarantar firamarensa, kuma a mafi yawan gundumomin karkara kulob na bin iyakar wannan yanki ne. Inda aka haife ka ko ka tashi, nan ne kulob ɗinka. Sauya kulob yana yiwuwa in mutum ya yi ƙaura, amma a cikin gunduma ɗaya abu ne mai wuya, kuma maƙwabta ba sa mantawa da wanda ya yi. Ɗan wasan da ya yi fice ana kiransa ya wakilci gundumarsa, sai dai wannan ba ya cire shi daga kulob ɗin ƙauyensu. Da an gama gasar gundumomi a watan Yuli, kowa ya koma gida.

Juniya ba yara ba ne

A nan ne sunan yake ruɗar baƙo. A makarantunmu juniya na nufin ƙananan ɗalibai, amma a ƙwallon Gelik ba ruwan kalmar da shekaru. Magidanta ne masu gemu, wasu sun haura shekara 35. Kalmar tana nuna ajin kulob ne. Kowace gunduma tana kasa kulob-kulob ɗinta aji uku: siniya a sama, ajin tsakiya, sannan juniya a ƙasa. Wanda ya lashe gasar ajinsa ya hau na gaba, wanda ya yi na ƙarshe ya faɗo.

Kulob ɗin juniya yawanci na ƙaramin wuri ne, inda samarin da za su iya buga wasa ba su wuce talatin ba. Ƙauye irin wannan yana iya haifar ɗan wasa ɗaya ko biyu da babu kamarsu a ƙasar, amma ba zai iya tara mutum 15 masu ƙarfin karawa da kulob ɗin babban gari ba. Haka Fossa take. Tana gefen garin Killarney, an kafa kulob ɗinta a 1970, kuma ta yi shekaru tana ajin ƙasa har Allah ya ba ta 'yan'uwa biyu, Paudie da David Clifford.

Da can, zakaran juniya na gunduma iyakarsa ke nan. Ya ɗaga kofi, a yi biki, shi ke nan. Kulob-kulob ɗin siniya kaɗai ke da gasar lardi da ta ƙasa, wadda ta soma tun kakar 1970 zuwa 1971. Sai a farkon shekarun 2000 aka buɗe wa ajin tsakiya da na juniya wannan hanya. A ganina yana cikin mafi kyawun shawarwarin da hukumar ta yanke a wannan ƙarni, domin ya ba mutumin da ba zai taɓa sa jesin gunduma ba damar taka Croke Park.

Tsarin gasar ta Munster ba shi da sarƙaƙiya. Zakarun gundumomi shida ne, sili ɗaya ƙwale. Huɗu su kara a zagayen farko, biyu su jira a zagayen kusa da na ƙarshe, sai wasan ƙarshe. Wasa biyar ke nan gaba ɗaya, ana yin su tsakanin Nuwamba da Disamba, lokacin da ruwan sama da iskar Tekun Atlantika suka mai da filaye taɓo, rana kuma take faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Zakaran Munster ya haɗu da zakaran wani lardi a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, in ya tsallake sai Croke Park a watan Janairu.

Akwai wani abu da ya sa kowane wasa yake da nauyi fiye da kima. Kulob ɗin da ya kai gasar lardi ya riga ya lashe juniya a gida, wato baɗi yana aji na gaba. Ba zai dawo kare kambunsa ba. Dama ce guda, in ta kuɓuce sai dai in kulob ɗin ya sake faɗowa bayan shekaru, lokacin waɗanda suka buga sun rataye takalma.

Lissafin da ke tada jijiyar wuya

Daga 2004 zuwa 2024 an buga gasar sau 20, domin annobar korona ta hana ta 2020. Kulob-kulob ɗin Kerry sun lashe 17. Cork ta lashe uku: Canovee a 2007, Knocknagree a 2017, Kilmurry a 2024. Sauran gundumomi huɗu ba su samu ko ɗaya ba. Tsakanin 2008 da 2016 Kerry ta jera tara ba tare da kofin ya bar gundumar ba, kuma kowace shekara wani kulob ne daban: Skellig Rangers, Castlegregory, St Mary's, Dromid Pearses, Kenmare, Keel, Brosna, Templenoe, Glenbeigh-Glencar. Cikin waɗannan 17 ɗin, 11 sun zarce sun ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya, huɗu sun kai wasan ƙarshe aka doke su, biyu suka tsaya a kusa da na ƙarshe.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai Kerry ce. Gunduma ce mai mutum kusan 156,000 a ƙidayar 2022, amma zuwa 2025 ta lashe babbar gasar gundumomi sau 39, fiye da kowa. Yaro a can yana tasowa da ƙwallo a hannu. Clare da Limerick da Tipperary da Waterford kuwa zuciyarsu tana wajen hurling, ɗayan wasan gargajiyar da ake yi da sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo, kuma a wurare da yawa can ƙwallon Gelik sai an gama da sanda ake tunawa da ita. Duk wannan gaskiya ne. Amma bai isa ya bayyana 17 cikin 20 ba, musamman ganin cewa a ajin siniya kulob-kulob ɗin Cork irin su Nemo Rangers sun daɗe suna ba na Kerry wahala. In da ƙwarewar gado ce kaɗai, da an ga irin wannan mamaya a kowane aji.

Asalin maganar yana cikin wannan tambaya: wa ke yanke cewa kulob kaza juniya ne? Hukumar ƙasa ba ta yankewa. Kowace gunduma ce ke kasa nata yadda ta ga dama, kuma ba a tilasta wa kowa adadi ɗaya ba.

Kerry ta yi shekaru da kulob takwas kacal a ajin siniya. A ƙarƙashinsu akwai 16 a ajin tsakiya. Saboda haka zakaran babban rukunin juniya, wanda shi ke fita ya wakilci gundumar, a lissafi shi ne kulob na 25 a ƙarfi a duk Kerry a waɗannan shekarun. Yanzu dubi Cork, gundumar da ta fi kowace yawan kulob-kulob, sama da 250. Bayan gyaran da ta yi wa tsarinta, tana da rukuni biyu na siniya da rukuni biyu na ajin tsakiya, kowanne da ƙungiya 12. Sai an wuce 48 ke nan kafin a zo kan juniya. Wakilin Cork shi ne na 49 a gida. A Tyrone da ke arewa, inda siniya 16 ne, ajin tsakiya 16, wakilin juniya shi ne na 33.

To ga yadda wasan ƙarshe na Munster yake kasancewa a yawancin shekaru: na 25 a gundumar da ta fi kowa iya ƙwallo yana karawa da na 49 a maƙwabciyarta. Sunan ajinsu ɗaya, amma ba sa'o'in juna ba ne. Kafin 2023 ma tazarar ta fi haka, domin wakilin Cork yana fitowa ne daga rukunin da ke ƙasa da wannan.

Ta yaya Kerry ta tsaya a kan takwas?

Mai karatu zai iya zaton dabara ce aka ƙulla don cin kofunan juniya. Ba haka ba ne, tsarin ya girmi gasar da shekaru masu yawa. Kerry tana da abin da ake kira ƙungiyoyin shiyya. Duk kulob-kulob ɗin da ba siniya ba a wata shiyya sukan haɗa fitattun 'yan wasansu su fitar da ƙungiya ɗaya, wadda za ta shiga babbar gasar gunduma tare da kulob-kulob ɗin siniya. Akwai ta Gabashin Kerry, ta Kudu, ta Tsakiya, ta Yamma, da wasu irin su Feale Rangers da St Brendan's. Kuma ba rakiya suke zuwa ba. Gabashin Kerry ta lashe gasar a 2019, 2020, 2022 da 2023, Kudancin Kerry kuma ta jera uku daga 2004 zuwa 2006.

Amfanin wannan a fili yake. Yaron da aka haifa a ƙauye mai gidaje ɗari ba sai ya bar ƙauyensu ba kafin ya buga wasa a mataki mafi girma, kuma masu zaɓen 'yan wasan gunduma za su gan shi yana karawa da manya. Kulob ɗinsa ma ba ya cikin matsin sai ya hau siniya ko ta halin ƙaƙa don kada ya rasa yaransa. Cork ma tana da ƙungiyoyin shiyya, irin su Duhallow da Carbery da Muskerry, amma da yake kulob-kulob ɗin siniyarta suna da yawa, abin da ya rage wa ƙananan azuzuwa bai kai na Kerry kauri ba.

Sakamakon haka shi ne kulob ɗin juniya na Kerry yakan zo da 'yan wasan da suka saba da wasan siniya, wani lokaci har da taurarin ƙasa. Finuge ta 2004 tana da Paul Galvin da Éamonn Fitzmaurice. St Mary's tana da Bryan Sheehan, Dromid Pearses tana da Declan O'Sullivan, Glenbeigh-Glencar tana da Darran O'Sullivan, wanda ya ɗaga babban kofin ƙasa a matsayin kyaftin ɗin Kerry a 2009. Na Gaeil ta garin Tralee ta zo da Jack Barry da Diarmuid O'Connor, waɗanda su biyun suka riƙe wa Kerry tsakiyar fili. A shekarar 2022 kaɗai David Clifford ya ci kofin ƙasa da Kerry, ya ci kofin gunduma da Gabashin Kerry, ya ci na juniya da Fossa. Ka tuna da mai tsaron bayan da ke wani ƙauye a Waterford ko Limerick, wanda ya tashi daga aiki ya yi atisaye sau biyu a mako, aka ce masa ranar Asabar shi zai tsare wannan mutumin.

Abin da ke biyo bayan nasarar shi ma shaida ne. Ardfert ta ci kofin juniya na ƙasa a 2006, shekara ɗaya bayan nan ta ci na ajin tsakiya na ƙasa. St Mary's ta ci juniya a 2011, ta ci ajin tsakiya a 2016. Templenoe, ƙauyen su Pat Spillane mai lambobin zinare takwas na babbar gasa, ta ci juniya a 2016, kafin 2019 ya ƙare ta lashe ajin tsakiya a Kerry ta hau siniya. Na Gaeil ta ɗaga kofin juniya a Croke Park a Janairun 2020, ta lashe ajin tsakiya na Kerry a kakar 2021. Kulob ɗin da ya tsallake aji biyu cikin shekara biyu ko huɗu, da wuya a ce tun farko a ajinsa yake.

Inda nake tsaye

Ƙorafin sauran gundumomi yana da tushe, kuma ba na ganin daidai ne a kira shi hassada. Gasar da aka ƙirƙira don ƙananan wurare su ɗanɗana abin da manya ke ɗanɗana, in ta zama an san inda kofin zai tafi tun kafin a busa usur, ta rasa wani ɓangare na dalilin kafa ta. Zakaran Clare ko Tipperary ya yi shekaru yana fafutukar cin kofin gundumarsa, ladansa kuma shi ne a lallasa shi da tazarar maki goma sha a gaban 'yan garinsu. Wannan ba ya ƙarfafa kowa.

Sai dai ban yarda da masu cewa Kerry ta rushe ƙungiyoyin shiyyarta ba. Wannan jefar da jariri ne don ruwan wankansa ya yi datti. Tsarin nan shi ya sa ɗan ƙauye yake zama a kulob ɗin ƙauyensu, kuma in da adalci, wasu gundumomin ne ya kamata su kwaikwaye shi. Gyaran da ya dace ya fi wannan sauƙi: hukumar lardi ko ta ƙasa ta sa ma'auni ɗaya na wanda zai fito gasar, ta la'akari da yawan kulob-kulob ɗin kowace gunduma, kowa kuma ya ci gaba da gudanar da gasarsa ta cikin gida yadda ya saba. Kerry da kanta ta fara ƙara adadin kulob-kulob ɗin siniyarta a 'yan shekarun nan, abin da zai ɗan tura wakilinta na juniya ƙasa a jeri. Cork ma tana da nata laifin. Ita ta zaɓi ta yi rukuni biyu-biyu a sama, kuma ƙirƙiro babban rukunin juniya da ta yi a 2023 amincewa ce da cewa wakilan da take turawa a baya sun yi rauni.

Ya kamata kuma a faɗi cewa a matakin ƙasa Kerry ba ta gagara ba. Kilmeena ta gundumar Mayo ta doke Gneeveguilla a 2022, Arva ta Cavan ta doke Listowel Emmets a 2024. Ita Arva ma ta zo da ɗan wasan gunduma, Ciarán Brady, wanda ke nuna cewa ba Kerry kaɗai ke da kulob mai ƙarfi a ƙaramin aji ba. Matsalar ta fi tsanani ne a cikin Munster, inda gundumomi huɗu cikin shida ba ƙwallon Gelik ce ta farko a wajensu ba.

Abin da gasar take nufi ga ƙauye

Lissafi ba ya nuna wannan ɓangaren, alhali shi ne ya sa nake ganin gasar ta cancanci a gyara ta da kulawa. Kulob ɗin karkara a Ayilan 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi. Su ke yanke ciyawar fili, su ke zana layi, su ke wanke jesi, su ke sayar da tikitin tara kuɗi na mako-mako don a biya wutar fitilun atisaye. In kulob ya kai gasar lardi, za ka ga tutocinsa a kan turakun lantarki da ƙofofin gonaki tun daga bakin gari. In ya dawo da kofi, ana hura manyan wutace a gefen hanya don tarbarsa, washegari kuma a zaga da kofin makarantun firamare.

Yankunan da suka fi cin wannan gasa su ne kuma suke fama da ƙarancin mutane. A Kudancin Kerry samari suna tafiya Dublin da Cork neman aiki, wasu Ostareliya da Amurka da Kanada. Kulob-kulob da yawa a can sai sun haɗu biyu ko uku kafin su fitar da ƙungiyar yara. Tsibirin Valentia, mahaifar Mick O'Connell, ɗaya daga cikin 'yan wasan tsakiya mafi shahara a tarihin wasan, ya sha fama da neman mutum 15 da za su tsaya a fili. A irin wannan wuri, kakar wasa mai kyau takan sa wanda ke aiki a Dublin ya riƙa tuƙa mota awa huɗu don atisaye, wanda ya yi shirin tafiya Sydney ya ɗage tafiyarsa zuwa bayan Janairu. Waɗanda suka riga suka tafi ma ba su fita daga gasar ba. John Mitchels, kulob ɗin 'yan Ayilan mazauna Liverpool, ya kai wasan ƙarshe na ƙasa sau biyu, a 2009 da 2015, kuma duka biyun kulob ɗin Kerry ne ya doke shi, Skellig Rangers da Brosna.

Inda zuciya ta yi yawa haka, fushi ma ba ya nisa, kuma ba zan ɓoye wannan ba. A Janairun 2012 wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Dromid Pearses da Derrytresk ta Tyrone a garin Portlaoise ya rikiɗe zuwa dambe, har 'yan benci suka faɗa fili, hukumar ta bi da hukunci. Wasan ƙarshen da Fossa ta doke Stewartstown Harps 0-19 da 1-13 ranar 15 ga Janairun 2023 ya kamata a tuna da shi saboda maki 11 da David Clifford ya ci, amma an tashi da jan kati shida, biyu daga ciki na 'yan'uwan Clifford ne. Mutanen da suka san damar ba za ta dawo ba sukan wuce gona da iri, kuma alƙalin wasan da ke tsakaninsu shi ma ɗan sa-kai ne da zai koma wurin aikinsa ranar Litinin.

Duk da rashin daidaiton, ƙananan kulob-kulob ɗin Cork sun nuna cewa ana iya karya ƙofar. Knocknagree ƙauye ne a kan iyakar Cork da Kerry, har ana hango ƙasar Kerry daga can. A 2017 ta doke Dromid Pearses a wasan ƙarshe na Munster, ta kawo ƙarshen jerin taran nan, ta zarce ta ci kofin ƙasa a 2018 a kan Multyfarnham ta Westmeath. Daga nan ta ci gaba da hawa, ta lashe rukunonin ajin tsakiya biyu na Cork a jere, ta shiga sahun siniya.

Labarin Kilmurry ya fi tsawo. Ita ce Fossa ta doke a Mallow a 2022. Bisa ƙa'ida damarta ta wuce ke nan, amma sauyin tsarin Cork ya sa hawan da ta yi ya kai ta sabon babban rukunin juniya, ba ajin tsakiya ba. A 2023 ta kai wasan ƙarshe na wannan rukuni ta sha kashi a hannun ƙungiya ta biyu ta St Finbarr's, babban kulob na birnin Cork. Da yake doka ba ta barin ƙungiya ta biyu ta kulob ɗin siniya ta fita gasar juniya ta lardi, Kilmurry aka tura. Ta sake kai wasan ƙarshe na Munster, Listowel Emmets ta doke ta. A 2024 ta lashe kofin Cork da kanta, ta koma wasan ƙarshe na Munster karo na uku a jere, ta doke Firies ta Kerry. Wani kulob na gundumar Donegal ya tare ta a kusa da na ƙarshe na ƙasa, don haka ba ta taka Croke Park ba. Nasarar ta hau da ita ƙaramin rukunin ajin tsakiya na Cork, wanda zakaransa ba ya fita gasar lardi. Sai ta lashe wannan rukunin, ta kuma lashe na samansa, kafin ta sake buga wasan gasa a wajen gundumarta.